Jirgin Ba-Fita

Ni ne mai kula da sito a wani shagon kayan ɗaki, shekarata goma sha tara ina shaƙar ƙurar kwali, saboda haka ba ni da dalilin ƙara gishiri a labarin nan. A gabana aka yi komai, ni ma na ɗauko kwalayen.

Mutumin da zan ba ku labarinsa muna kiransa Ba-Fita. Shi ya raɗa wa kansa sunan, don a cewarsa duk wanda ya sako ƙafa cikin shagon ba ya fita hannu rabbana. A da kuwa gaskiya ne. Da idona na ga wani ya shigo tambayar hanyar asibiti, ya fita da katifa a ka. Shekara ashirin da shida teburinsa yana bakin ƙofa, inda iska ke shigowa, inda kowane baƙo shi yake fara gani. Akwai gilashi a kan teburin, ƙarƙashin gilashin kuma hotonsa yana karɓar kyautar gwarzon shekara, tun lokacin da yake da suma. Teburin nan ya fi masa komai a duniya, har matarsa ta san haka.

Sai zamani ya juya masa baya. Mutum zai shigo, Ba-Fita ya buɗe baki ya yi ta zuba kamar lalataccen famfo, shi kuwa mutumin idonsa na kan waya yana duba farashin wani shagon. In an gama sai ya ce zai dawo, kuma kowane mai sana'a ya san ma'anar zan dawo. Can ciki kuma, kusa da banɗaki, akwai teburin wata abokiyar aikinmu da muke kira Mai Waya, mace mai ƙarancin magana, wadda take sayar da gado uku kafin azahar ba a ji muryarta ba.

Da Manaja ya gaji, sai ya ɗauko mai horaswa, aka rufe shago ranar Litinin, aka ce kowa ya zauna a koya masa sabon salon ciniki. Har da ni da direban motar kaya, wai don kada a bar kowa a baya. Ba-Fita ya zauna a sahun gaba ya harɗe ƙafa.

"Ni za a koya wa ciniki?" in ji shi, yadda kowa zai ji. "Tun kafin a haifi uwar mai sabulu balbela take da farinta."

Mai horaswa ya haska hoto a bango. Cikin wani ɗan ƙaramin jirgin sama ne na alfarma, irin wanda attajirai ke shata su kaɗai: kujerun fata masu ruwan madara, kafet, tagogi zagayayyu, babu kowa sai furanni.

"Me ake sayarwa a nan?" ya tambaya.

"Kujera," in ji direba.

"A'a. Wanda ya yi shatar wannan jirgi ba kujera ya saya ba. Ya sayi rashin bin layi. Ya sayi lokacinsa. Ba wanda zai ce masa ya cire takalmi ko ya buɗe jaka, jirgi shi yake jira, ba shi yake jiran jirgi ba. Ku ma haka za ku yi, ku sayar wa mutum abin da yake mafarki. Wannan rabin darasin ne. Bayan cin abinci za mu ga rabi na biyu, wanda ya fi muhimmanci."

Ba-Fita ya ɗaga hannu, bai jira an ba shi izini ba.

"Gaskiya ka faɗa, ɗan'uwa. Ni da na shiga irinsa zan ba da shaida."

Na san shigar da yake nufi, don tare muka je. Shekara tara da suka wuce mun kai teburin ofis filin jirgi, mai gadi ya tsayar da mu a bakin shinge, ta cikin wayar shingen muka hango jelar jirgin. Da aka tashi cin abinci, Ba-Fita ya ci abincinsa, ya ci na direba da ya tafi wanke hannu, ya ce ya riga ya kama zaren darasin, ya tafi aski. Ni kam na zauna har yamma, saboda sanyin na'ura.

Washegari Manaja ya tara mu a gaban wasu kujeru shida. Kujerun fata ne masu aiki da lantarki, ka danna maɓalli su kwantar da kai, su ɗaga maka ƙafa, su yi maka tausa. Wata goma sha huɗu suna nan ba wanda ya taya, sai masu rakiya da ke barci a kansu.

"Wanda ya sayar da waɗannan kafin ƙarshen wata," in ji Manaja, "shi ne da teburin bakin ƙofa."

Ba-Fita ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba.

"Ranka ya daɗe, ai teburin da mai shi."

"Yana da mai zama a kai dai."

"To, ba sai ƙarshen wata ba. Asabar ɗin nan. In rana ta faɗi da kujera ɗaya a wurin nan, ka kai ni sito in zauna da wannan bawan Allah."

Ni ne bawan Allahn. Manaja ya ce ya ji, kuma kowa shaida ne. Baki dai shi ke yanka wuya.

Daga ranar Laraba aka fara gina jirgi. Ba-Fita ya sa na kwaso masa kwalayen firji goma sha biyu, ya jera su tsaye suka zama bango biyu a tsakiyar shago, ya lulluɓe saman da farin labule. Ya yanka tagogi da murfin bokiti, ya liƙa shuɗiyar leda a bayansu, ya manna audugar matashi a matsayin gajimare. Kujerun ya jera su uku dama uku hagu. Don ƙarar inji ya ɓoye na'urar zuƙar ƙura a cikin kwandon shara, ya kafa fanka biyu a baya. Duk waɗannan, da kujerun shida, ya jona su a kan soket ɗaya.

Na ce, "Anya wayar wutar nan za ta ɗauka?"

"Kai ka taɓa shiga jirgi?"

"A'a."

"To bar wa masu abu abinsu."

Saura bel ɗin ɗaure fasinja. Ya ce jirgi ba bel ai amalanke ne. Ya je motar kaya ya kwaso igiyoyin nan masu faɗi da ake ɗaure kabad da su, masu ƙarfen da in ka yi ta ja yana ƙara tamkewa. Duk shagon direba kaɗai ya san yadda ake sassauta su. Direban ne kuma aka naɗa matuƙin jirgi, aka aro masa hular mai gadin banki.

Mai Waya ta leƙo sau ɗaya, ta ce, "Yaya, ka duba littafin kujerun kuwa? Akwai wani abu a ƙarƙashinsu da ya kamata ka..."

"Ƙanwata, ni littafi ne da kaina. Koma ki ci gaba da latse-latsenki."

Ta koma. Ranar Juma'a da rana ya ce zai nuna mata shi ma ya iya tallar waya. Ya gyara murya ya ɗauki saƙo: "Jama'a, gobe Asabar ƙarfe goma, jirgin alfarma zai tashi daga shagonmu. Kujera shida kacal. Babu layi, babu bincike, babu cire takalmi. Shiga kyauta ce. Wanda ya riga zuwa shi ne da kujera." Bai ambaci kalmar sayarwa ko sau ɗaya ba, wai gwani ba ya nuna ƙugiya sai kifi ya haɗiya. Ya tura wa duk wanda ke cikin wayarsa, har da zauren hirar dangin matarsa.

Ranar Asabar da na iso ƙarfe takwas, na ɗauka tasha aka mayar da ƙofar shagon. Mutum sun fi arba'in, da akwatuna, da jakunkuna, wani da buhu, wata da jariri a baya da tulin tukwane. Mai gyaran takalmin da ke gefenmu ya rufe rumfarsa ya sa sabuwar riga. Telan da ke tsallaken titi ya zo da fasfonsa da ya daina aiki tun shekara huɗu, yana tambayar ko za a duba. A gaban kowa kuma, zaune a kan babban akwati, ga surukar Ba-Fita, mahaifiyar matarsa.

Ya durƙusa ya gaishe ta, gumi na bin wuyan kwat ɗinsa.

"Mama, ina zuwa haka da kaya?"

"Wajen autana mana. Shekara uku yana aiki a ƙasar waje ban sa shi a ido ba. Da na ji saƙonka na ce Allah ya yi wa ɗan nan albarka, ashe dai yana da amfani."

Da wani ne da ya faɗi gaskiya a nan. Amma suruka ce, ga jama'a, ga Manaja yana kallo ta gilashin ofis. Ba-Fita ya ce, "Mama, ai kujerar gaba taki ce."

Tela ya ce, "Wai ina jirgin?"

"Yana ciki."

"Cikin shago? Ta ina zai fita?"

"Irin tambayar da talaka ke yi kenan. Jirgin alfarma ba a tambayarsa."

Aka yi turereniya a ƙofa duk da an ce babu layi, ko kuma saboda an ce babu. Suruka ta samu kujera, tela ya samu, mai gyaran takalmi ya samu, da wani dattijo mai sanda, da mai jariri. Kujera ta shida kuwa Ba-Fita ya tsare ta da jikinsa, don ya hango wata mata ta sauko daga mota mai duhun gilashi, sanye da tabarau, riƙe da jakar takardu. Ya ce min a kunne, "Ga kifin."

Ya tare ta tun daga bakin ƙofa.

"Hajiya, sannu da zuwa."

"Yauwa, Malam. Ni na zo ne a kan..."

"Na sani. Idonki ya faɗa min. Kin gaji da layi, kin gaji da turereniya. Kin taɓa shiga jirgin alfarma?"

"Ai ni..."

"Ba komai, ba abin kunya ba ne. Ba kowa Allah ke nufa ba. Yau za ki ɗanɗana."

Ya zaunar da ita, ya zagaya igiyar kabad a ƙugunta, ya ja ƙarfen sau biyar. Ya bi sauran fasinjoji ya ɗaɗɗaure su. Direba ya tsaya a gaba da hular banki, ya karanta abin da aka rubuta masa a bayan kwali: cewa za mu yi tafiya a saman gajimare, kuma Allah ya sauke mu lafiya. Suruka ta amsa da amin mai ƙarfi, ta rufe ido. Yana gamawa wayarsa ta yi ƙara, wani mai kabad yana zagi a kan kayansa da ba a kai ba tun jiya. Matuƙin jirgi ya ajiye hula a kan kujerar roba, ya fita ta baya, ya ja motarsa.

Ba-Fita ya kunna na'urar zuƙar ƙura, ya kunna fankoki. Labule ya fara kaɗawa, gajimare ɗaya ya ɓalle ya faɗa cinyar dattijo. Ba-Fita ya ɗaga murya sama da ƙarar.

"A jirgin alfarma, Hajiya, in kin ga gari ya burge ki, sai ki ce direba ya tsaya. In zafi ya dame ki, ki zuge taga."

"Ba a zuge tagar jirgi, Malam."

"A na haya ba a zugewa. Wannan na manya ne."

"Don Allah ka saurare ni minti ɗaya, ina da..."

"Yanzu za mu tashi!"

Ya bi kujerun da gudu yana danna maɓalli. Suka fara kwanciya a tare, ƙafafu suka yi sama, tausa ta kama. Ba zan yi ƙarya ba, na daƙiƙa goma abin ya yi kyau. Tela har ya ce, "Kai, ashe haka masu kuɗi ke ji." Sai wani abu ya ce ɗas a bango, warin roba ya tashi, wutar shagon gaba ɗaya ta ɗauke.

Na'ura da fankoki suka tsaya cak. Mutum shida suna kwance rigingine a ɗaure, tafin ƙafarsu na kallon rufi.

"Mun faɗo ne?" in ji dattijo.

"'Yar iska ce muka shiga," in ji Ba-Fita. "Kowa ya zauna a inda yake."

"Da ina za mu je?" in ji mai gyaran takalmi.

Ba-Fita ya danna maɓalli, babu. Ya kama ƙarfen igiyar Hajiya don ya kwance, ya ja, ta ƙara tamkewa. Ya sake ja, Hajiya ta ce wash. Jariri ya fasa kuka. Waɗanda ba su samu kujera ba, da suke waje suna jin haushi, suka ji ihu suka ɗauka an tashi ba su, suka danno ciki da akwatunansu. Wani ya jingina da bangon jirgi. Kwalin farko ya ture na biyu, na biyu ya ture na uku, labule ya rufto a kan Ba-Fita. Da ya fito daga ƙarƙashinsa, sai ga shago tsirara: gadaje, kabad-kabad, na'urar zuƙar ƙura a kwandon shara, da mutum arba'in suna kallonsa, rabinsu sun ɗaga waya suna ɗauka.

Tela ya ce daga kwance, "Malam, fasfona fa na aske gemu saboda in yi kama da shi."

Mai jariri ta ce, "Ni na riga na yi sallama da maƙwabta. Da wane ido zan koma?"

"Jama'a, ai talla ce," in ji Ba-Fita. "Salon zamani ne. Ku ne ba ku waye ba."

Da ba don Manaja ya shiga tsakani ba, da sandar dattijo ta yi aiki ko daga kwance.

Ana cikin haka Mai Waya ta taso daga teburinta na kusa da banɗaki, da kofin ruwa a hannu. Ta durƙusa gefen Hajiya, ta zura hannu ƙarƙashin kujerar, ta ja wani ɗan ƙarfe. Kujera ta miƙe zaune salin alin. Ashe abin da ke cikin littafin kenan. Ta danna wani harshe a jikin ƙarfen igiyar, ya saki, wai ta taɓa tambayar direba. Ta miƙa ruwan, ta jira matar ta sha.

"Hajiya, ki yi haƙuri. Me ya kawo ki wurinmu?"

Matar ta gyara tabarau, ta dubi Ba-Fita, sannan ta amsa wa Mai Waya.

"Ina aiki a kamfanin da ke ba da shatar ƙananan jirage. Shekarata goma sha ɗaya a can. Muna gyara ɗakin jiran fasinjojinmu, na hango kujerun nan ta gilashi ranar Talata, na nuna wa shugabanmu hoto, ya sa hannu. Ga takardar a jakata. Duka shida na zo ɗauka. Sau uku ina ƙoƙarin faɗa wa wannan."

Ba-Fita ya sunkuya ya hau naɗe labule.

"Abu ɗaya nake so in sani," in ji Hajiya. "In wuta ta ɗauke, mutum zai iya tashi?"

"Kin gani da idonki," in ji Mai Waya.

Biyar ta saya, kuma a teburin kusa da banɗaki aka rubuta takarda. Ta shidan, wadda mai gyaran takalmi ke kai, injinta ya ƙone, ƙarfenta ya maƙale, sai da muka zaro shi ta ƙasa kamar aljihun tebur.

Suruka kuwa duk abin nan barci take. Sai da aka miƙar da kujerarta ta farka, ta gyara mayafi, ta ce, "Mun iso?" Ta dubi kwalaye a zube, ta dubi gajimaren auduga a ƙasa, ta dubi surukinta. Ba ta ɗaga murya ba.

"Ranar da ka zo neman 'yata ka ce za ka kai ta ta ga teku. Shekara ashirin da huɗu tana jira. Ashe a wannan jirgin ne." Ta nuna akwatinta. "Ɗauki, ka kai ni bakin titi."

Ya ɗauka a ka, cikin kwat, ya ratsa jama'a.

Ranar Litinin aka mayar da teburin Mai Waya bakin ƙofa. Ba-Fita ya sauko sito da hotonsa a hammata, aka biyo shi da ƙonanniyar kujerar, don Manaja ya ce tare suka yi aiki, tare za su huta. Har yau a kwance take, ba ta miƙewa. Na tausaya masa, ba zan ɓoye ba. Mutumin da ya shekara ashirin da shida yana gaida duniya, yanzu ba mai wucewa ta gabansa sai ni da kyankyasai. Ya ce min kada in damu, ko a jirgin alfarma kaya masu daraja a ƙasa ake ajiye su.

Akwai 'yar taga can sama a sito. Ranar Laraba da hantsi wani jirgi ya gifta ta cikinta, ƙarami, fari. Ba-Fita yana kwance a kujerarsa ya bi shi da ido har ya ɓace. Sannan ya kira ni, a hankali, ba da muryar ciniki ba.

"Wai ranar nan, bayan cin abinci, me mutumin ya koyar?"

Raina ya yi fari. Na ajiye kwalin da ke hannuna, na jawo benci na zauna kusa da shi.

"Cewa ya yi, kafin ka ce komai, ka tambayi mutum abin da ya kawo shi, sannan ka yi shiru har sai ya..."

"Na sani," in ji Ba-Fita.